Ƙaddara Ce Ko Sakaci? Mu Daina Jingina Wa Allah Laifinmu

Duk lokacin da wata masifa ta faɗo wa ƙasar nan, kafin a gama binne mamata an riga an rabu gida biyu. Wasu su ce haka Allah ya so, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi haƙuri a rufe baki. Wasu su ce a'a, akwai mai laifi, a fito da shi. Haka aka yi da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumban 2024, ruwa ya shanye babban ɓangare na birnin Maiduguri, ya shiga fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, ya raba kimanin mutum 400,000 da muhallinsu. Haka aka yi bayan wata guda, da tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, ta laƙume rayuka sama da 150. A 'yan shekarun nan kuma an samu gida na uku, galibi matasa, masu raɗa tambayar da iyayenmu ba sa yarda a furta: idan Allah mai rahama ne kuma mai iko a kan komai, me ya sa yake barin jariri ya nutse?

Bari in faɗi inda na tsaya tun daga farko. Na yi imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, domin rukuni ce daga rukunan imani shida. Amma ina da yaƙinin cewa mafi yawan wahalar da muke kira ƙaddara a Arewa aikin hannun mutum ce, tana da mai ita, yana da suna da ofis da albashi. Kuma ina ganin babu rashin ladabi ga Ubangiji da ya kai mutum ya yi sakaci da amanar da aka damƙa masa, rayuka su salwanta, sannan ya ɗaga hannu sama ya ce nufin Allah ne. Ƙaddara bargo ce da aka tanadar wa wanda sanyin rashi ya kama. Abin takaici, mai laifi ne yake fizge ta ya lulluɓe kansa don kada a gane shi.

Mu fara da hujjar da ta fi ƙarfi a bakin jama'a. Suna cewa babu ganyen da zai faɗi sai da sanin Allah, kuma kowane rai yana da ajalinsa da ba ya gaba ba ya baya. Wanda ya mutu a ruwan Alau, ko da madatsar ba ta karye ba, da wani sanadin ya ɗauke shi a wannan sa'ar. To mene ne amfanin tone-tone? Wannan magana rabinta gaskiya ce, shi ya sa take da haɗari. Gaskiya ne ajali ba ya kuskure. Amma daga ina aka samo cewa tabbatar ajali tana wanke wanda ya zama sanadi? Idan haka ne, ai ɗan fashin da ya harbe matafiyi a hanyar Birnin Gwari ma sai ya ce kwanan mamacin ne ya ƙare. Babu alƙalin da zai saurare shi, babu uban da zai karɓi wannan uzurin a kan ɗansa. To me ya sa muke ƙin karɓar sa daga mai bindiga, muke karɓar sa daga mai biro?

Shari'ar da muke tutiya da ita ta daɗe da raba wannan gardama. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure. A lura, kuskure aka ce, wanda mai shi bai yi niyya ba, kuma babu shakka an rubuta shi tun fil azal. Duk da haka aka ce a biya. Duk almajirin da ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta babin da ake ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta, idan ta taka wani ta yi ɓarna. Malaman Malikiyya sun tattauna hukuncin wanda ya haƙa rijiya a inda ba a ba shi izini ba har wani ya faɗa, da mai katangar da ta karkata aka yi masa gargaɗi ya yi biris har ta danne mutum. Waɗannan malamai sun fi mu sanin ƙaddara, sun fi mu tsoron Allah, amma ba su ce wa mai katanga Allah ya kiyaye gaba ba. Sun ce ya biya. Idan wannan ne hukuncin katangar gida, yaya hukuncin madatsar da take riƙe da ruwa a saman birnin da ke ɗauke da mutane sama da miliyan?

Madatsar Alau an kammala ta a 1986 a kan kogin Ngadda. Ta taɓa jefa Maiduguri cikin ambaliya a 1994. Shekara 30 ke nan cif tsakanin gargaɗi da maimaici. Manoman da ke kewayenta sun daɗe suna kukan cewa jikinta na zaizayewa, kuma 'yan kwanaki kafin ta ɓalle tawagar jami'ai ta je ta duba, aka ce wa jama'a su kwantar da hankalinsu. Bayan ruwa ya gama ɓarna ne gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta. Ashe kuɗin suna nan. Wannan shi ne ihu bayan hari. Ruwan sama na Allah ne, babu mai musu, kuma damunar 2024 ta yi ƙarfi a duk yankin Tafkin Chadi. Amma siminti da ƙarfe da kasafin gyara da ƙararrawar gargaɗi, waɗannan an bar su a hannun 'yan Adam. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wannan gardama ba a kanmu aka fara ta ba. A shekara ta 18 bayan Hijira annoba ta ɓarke a Amwas ta ƙasar Sham. Sayyidina Umar yana kan hanyarsa ta zuwa can, da labari ya riske shi a wani wuri da ake kira Sarg, sai ya yi shawara da sahabbai ya yanke a juya. Abu Ubaida bn Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Amsar Umar ta zama ginshiƙi har yau: ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, kamar makiyayin da ya iske kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora raƙumansa bai fita daga ƙaddara ba, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Sai Abdurrahman bn Auf ya zo ya tabbatar da cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana mazaunansa fita. Killace masu cuta ke nan, ƙarni 14 da suka wuce. Shin Umar ne bai fahimci tawakkali ba, ko mu ne?

Daga baya malaman tauhidi sun ja daga a kan wannan mas'ala. Jabariyya suka ce mutum ba shi da zaɓi ko kaɗan, iska ce kawai take kaɗa shi. Mu'utazilawa suka tsaya a ɗaya ƙarshen, suka ce mutum ne mahaliccin ayyukansa, domin a ganinsu ta haka ne kawai za a tsare adalcin Allah. Ahlus Sunna, da Ash'ariyya da Maturidiyya da masu bin tafarkin hadisi, duk da bambancin lafuzzansu, suka tsaya a tsakiya: Allah ne mai halitta, bawa ne mai aikatawa da zaɓinsa, kuma a kan wannan zaɓi za a yi masa hisabi. Abin mamaki shi ne, idan ka tambayi Bahaushe aƙidarsa zai ce shi Ahlus Sunna ne, amma idan gada ta karye ko asibiti ya rasa jini, sai ka ji Jabariyya tsantsa tana fita daga bakinsa. Kuma a kula, ba a kowane fage muke zama Jabariyya ba. Wanda ke cewa a bar wa Allah idan talakawa sun mutu, shi ne ke ɗaukar lauyoyi har Kotun Ƙoli idan an kayar da shi zaɓe. Me ya sa kujera ba a bar wa ƙaddara, sai ran talaka?

Alƙur'ani da kansa ya ƙaryata masu fakewa da nufin Allah. A Suratul An'am ya kawo hujjar mushirikai cewa da Allah ya so da ba su yi shirka ba, ya watsar da ita. A Suratu Yasin ya kawo marowatan da aka ce su ciyar, suka ce don me za su ciyar da wanda da Allah ya so da ya ciyar da shi, ya sa wannan magana a bakin kafirai. Annabi Adamu da Iblis duka sun saɓa. Ɗaya ya amsa laifinsa ya nemi gafara aka ɗaukaka shi, ɗayan ya jingina ɓatarsa ga Ubangiji aka la'ance shi. Shi ya sa malamai suka kafa ƙa'ida cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta samu mutum, ba a kafa ta a kan laifin da ya aikata.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ciwo, wato cewa bala'i azaba ce saboda zunuban waɗanda ya faɗa wa. A watan Afrilun 2017, lokacin da sanƙarau nau'in C yake kashe mutane a Arewa maso Yamma, inda ya fi tsanani a Zamfara, gwamnan jihar na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta annobar da saɓon Allah da mutane ke yi, musamman zina. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani a wani taro a Kaduna, yana mai cewa abin da ake buƙata shi ne a nemo allurar rigakafi. Wannan annoba ta ci rayuka sama da 1,000, akasarinsu yara. Wace zina yaro ɗan shekara bakwai ya yi?

Ban musanta cewa zunubi yana jawo bala'i ba. Suratur Rum ta faɗa ƙarara cewa ɓarna ta bayyana a tudu da ruwa saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Tambayata ita ce: wane zunubi, kuma na wa? Me ya sa idan ana lissafin zunuban da ke saukar da fushin Allah ba a tuna satar kuɗin magani, da kwangilar da aka karɓi kuɗinta ba a yi ba, da tauye mudu, sai gyalen 'yan mata da kallon fim? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sannan tarihin sanƙarau kansa ya isa amsa. A 1996 ya kashe sama da mutum 10,000 a Najeriya, Kano na cikin wuraren da suka fi shan wuya, kuma nau'in A ne ya yi wannan ɓarna. Daga 2010 aka fara yi wa jama'a sabuwar allurar nau'in A a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta bi sahu a 2011. Cikin 'yan shekaru nau'in A ya kusa ɓacewa daga yankin Sahel gaba ɗaya. Shin mutane ne suka daina saɓo a 2011? Allah ne ya saukar da cuta, shi ne ya saukar da maganinta, ya kuma ba wasu bayinsa basirar gano shi. Wanda ya ƙi sayen maganin ba shi da bakin yi wa marasa lafiya wa'azi.

Kuma idan kowace musiba alamar fushi ce, me za mu ce da Abu Ubaida da Mu'azu bn Jabal, waɗanda annobar Amwas ɗin nan ta ɗauke? Me za mu ce da Annabi Ayyuba? Me za mu ce da fiyayyen halitta, wanda ya rasa shida daga cikin 'ya'yansa bakwai? Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka fara cewa don mutuwarsa ne, nan take ya hana su wannan fassara. Wanda wahayi ke sauko masa bai yarda a karanta sararin sama da son rai ba. Mu da ba a yi mana wahayi, wa ya ba mu izinin shelanta dalilin da ya sa Allah ya jarrabi wani gari?

Yanzu ga gida na uku, masu tambayar da ta fi kowace nauyi. Ba na cikin masu cewa a yi musu tsawa. Yaron da ya ga an jera gawarwakin ƙannensa ya tambayi ina rahamar Allah, ciwo ne ke magana a bakinsa, kuma zagi ba ya warkar da ciwo. Tambayar tsohuwa ce. Ana jingina ta ga wani masanin Girka mai suna Efikuras: ko dai Ubangiji yana son kawar da sharri bai iya ba, ko ya iya bai so ba, idan kuwa ya so kuma ya iya, daga ina sharri ya fito? Ta sake tashi da ƙarfi a Turai bayan girgizar ƙasar Lisbon ta Fotugal ranar 1 ga Nuwamban 1755, ranar wani babban bikin Kirista, majami'u cike da masu ibada suka rufta, dubun-dubatar mutane suka mutu. Marubucin Faransa Volta ya yi amfani da ita wajen yi wa masu cewa komai na duniya daidai yake ba'a. Sai wani marubuci mai suna Ruso ya ba shi amsa da cewa ba halitta ce ta tara dubban gidaje masu hawa shida da bakwai a wuri guda ba, mutane ne.

Amsar Ruso ta samu shaida a zamaninmu. A watan Janairun 2010 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.0 ta afka wa Haiti, gwamnatin ƙasar ta ce sama da mutum 200,000 sun mutu. Bayan mako shida wata mai maki 8.8, wadda ta ninka ta farko ƙarfi sau ɗaruruwa, ta afka wa Chile, waɗanda suka mutu ba su kai 600 ba. Akwai bambancin wuri da zurfin girgizar, amma babban bambancin shi ne Chile ta sha wuya a 1960 ta koyi darasi, ta kafa dokokin gini masu tsauri ta kuma tilasta bin su. Ubangijin Haiti shi ne Ubangijin Chile. Don haka kafin matashi ya kai ƙarar sama, ina roƙon sa ya fara tantance nawa ne daga cikin wahalar da ke gabansa ta sauko daga sama, nawa ce aka ƙera a ƙasa. Yara kimanin 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 sun mutu ne saboda ana niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida, a inda suke rarrafe, talauci ya tura iyayensu, hukuma kuma ba ta gani ba sai da likitocin agaji na waje suka fara ƙirga ƙananan kaburbura. Najeriya kaɗai tana ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya. Shin Allah ya fi ƙin matanmu ne a kan na Masar ko Indonesiya?

Amma zan yi wa mai tambaya adalci. Ko an cire duk abin da sakaci ya jawo, akwai ragowa. Akwai jaririn da aka haifa da ciwon da babu likitan da ya san maganinsa. Akwai tsawar da ke faɗo wa makiyayi a daji. Ko a Chile ɗin ma an mutu. Kuma mai kaifin hankali zai ce: na yarda mutum ne ya yi sakaci, to me ya sa Allah ya bar sakacin wani ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba? A nan amsata kashi biyu ce. Na farko, zaɓin da ba ya da sakamako a kan kowa ba zaɓi ba ne. Duniyar da hannu zai shanye duk lokacin da ya miƙa zuwa zalunci, duniya ce da babu adali a cikinta, domin babu wanda ya taɓa samun damar zama azzalumi ya ƙi. Ruwan da ke bin ƙa'idarsa ya shayar da gona, da wannan ƙa'idar yake karya madatsar da aka ƙi gyarawa. Da yana sauya hali kowace rana, da babu injiniya babu manomi. Na biyu, mu masu imani ba mu taɓa cewa a nan duniya ake rufe littafi ba. Ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi tana koya mana cewa ko annabi mai daraja yana iya ganin abu ya kasa haƙuri da shi saboda ƙarshensa a ɓoye yake. Wanda bai yarda da Lahira ba, wannan amsa ba za ta gamsar da shi ba, kuma na san da haka. Sai dai ina tambayar sa: idan ya cire Allah daga lissafin, yaron da ya nutse ya dawo? Abin da ya rage masa shi ne wahala ba tare da ranar sakayya ba, kuma ɓarawon kuɗin madatsa da ya mutu a gadonsa ya sha ke nan har abada.

Akwai kuma waɗanda suke gefena a wannan muhawara amma suke wuce gona da iri, masu cewa komai laifin gwamnati ne. Su ma ban bi su ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa ranar kasuwa ya ga yadda ake lodin kwalekwale. A fara da buhunan hatsi, a ɗora babura, a cusa awaki, sannan mata da goyo su zauna a kan kaya, yara a maƙale a gefe, har bakin jirgin ya rage taƙi ɗaya ya haɗu da ruwa. Wani yaro yana tsakiya da gwangwani yana kwashe ruwan da ke tsattsafowa ta ƙasa. Idan wani fasinja ya yi ƙorafi, sai a ce masa: "Haba malam, ba ka da tawakkali ne? Bismillah kawai." Babu rigar ruwa ko ɗaya, magariba kuma ta kawo jiki. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Kano, akasarin mamatan ɗaliban Islamiyya ne da ke kan hanyar zuwa Mauludi, kuma lodin da ya wuce ƙima ne sanadi. A wannan ruwan dai jirgin 'yan rakiyar amarya ya taɓa kifewa a 2008. Bismillah ba ta soke nauyi. Wanda ya koya mana ita shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah.

Haka wanda ya gina gida a kan hanyar ruwa, da wadda ke juye shara a kwata, da direban da ya kwana uku bai runtsa ba ya hau titi, da uban da ya ɓoye 'ya'yansa ranar rigakafi. Kowa na da kasonsa. Sai dai kason ba ɗaya ba ne, kuma a nan nake rabuwa da masu zagin mamatan Majiya cewa kwaɗayi ne ya kashe su. Ganganci ne a tunkari tankar da ta faɗi da bokiti, babu shakka. Amma a lokacin litar fetur ta haura naira 1,000, alhali kafin cire tallafi a watan Mayun 2023 farashinta na hukuma bai kai 200 ba. Mutumin da ya ƙoshi ba ya sayar da ransa a kan jarka guda. Kuma me ya sa har yau ake jigilar fetur ɗaruruwan kilomita a kan titunan da suka farfashe, ta tsakiyar garuruwa, a ƙasar da ta shimfiɗa bututun mai tun shekarun 1970? Nauyi yana bin iko da sani. Mai jirgi ya fi fasinja laifi, hukumar da ta bar shi ba doka ba gada ta fi shi, wanda ya rattaba hannu a kasafi ya fi kowa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kyakkyawar tarbiyyarmu ta zama mafakar azzalumai. Ka shiga zaman makoki bayan irin wannan rashi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, uban mamaci yana zaune ido jajur, ana shigowa ana cewa "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan rai, Allah ya sa kwanan hutu ne." Yana amsawa "Haƙuri sai ma'aiki, haka Allah ya so." Wannan magana a bakinsa ibada ce, ita ce take riƙe da zuciyarsa kada ta tsage, kuma ba ni da abin cewa sai Allah ya ba shi lada. Can sai jerin motoci su tsaya, babban mutum ya fito da 'yan rakiya, a matsa masa wuri, ya karɓi lasifika ya ce: "Wannan ƙaddara ce daga Allah, babu wanda ya isa ya hana." A shafa fatiha, a ajiye buhunan shinkafa da ambulan, a tashi. Idan wani ƙanen mamacin ya buɗe baki zai tambayi yadda aka yi, dattawa su ce "Kai yaro, bari. Mun bar wa Allah." Shi ke nan an rufe shari'a kafin a buɗe ta. Yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ce, idan ya ga dama ya yi, kuma tana da lada. Amma ba ta hana bincike, domin binciken ba don mamaci ake yin sa ba, don wanda zai hau jirgin gobe ne. Uba yana iya yafe jinin ɗansa. Ba shi da ikon yafe na ɗan maƙwabcinsa da bai riga ya nutse ba.

Saboda haka kirana na farko ga malamanmu ne, domin su ne ke riƙe da mumbari. Ku ci gaba da koya mana haƙuri, muna buƙatarsa. Amma ku haɗa shi da babin lamuni da amana. Ku faɗa wa mahukunta a gabansu abin da ake ruwaitowa daga Umar, cewa yana tsoron a tambaye shi ko da dabba ce ta yi tuntuɓe a Iraƙi saboda bai gyara hanya ba. Ku tuna musu cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai ce wa talakawan ƙasar Hausa zaluncin sarakuna rabonsu ne ba. Ya lissafa shi ɗaya bayan ɗaya a rubuce ya yaƙe shi. Na biyu ga hukumomi: duk shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet da ta kula da koguna suna fitar da jerin wuraren da ambaliya za ta iya shafa tun kafin damuna ta sauka. Wanda aka ba wannan takarda ya jefa ta a aljihun tebur ya rasa damar kiran abin da ya biyo baya tsautsayi. Kowane kwamitin bincike a buga rahotonsa jama'a su gani, a ambaci sunaye, a biya diyya daga aljihun mai laifi, wanda ya cancanci kotu ya gurfana. Na uku gare mu: mu koyi furta jumla biyu a zama ɗaya ba tare da jin cewa ɗaya tana rushe ɗaya ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, sannan wa aka ba amanar wannan wuri, kuma me ya yi da ita?

Allah ba ya zaluntar kowa, wannan shi ne tushen imaninmu. Idan mun yarda da haka da gaske, to duk zaluncin da muka gani a doron ƙasa dole mu nemi mai shi a cikinmu, mu kira shi da sunansa, mu hana shi maimaitawa. Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Abin da ya fi ƙarfinmu mu miƙa wa Mai shi da haƙuri da kyakkyawan zato. Abin da aka bari a hannunmu kuwa, madatsa da allura da titi da rigar ruwa, za a tambaye mu a kansa ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar ba za a karɓi "haka Allah ya so" daga bakin wanda aka ba kuɗin gyara ba.